"Baba, Ka Huta": Hutun Dole da Mantuwar Tsofaffi, da Abubuwan da Ke Riƙe Ƙwaƙwalwa

A zaurukan cikin garin Sakkwato da yawa akwai tabarma ɗaya da ba a naɗewa. Ta maigida ce, wanda ya haura saba'in. 'Ya'ya sun kawo ƙarfi, sun karɓe shagon da ya yi shekara arba'in yana buɗewa a kasuwa, sun karɓe cefane, sun karɓe lissafin gona. In ya miƙe zai ɗauko buta, jika ya riga shi. In ya ce zai taka zuwa gaisuwa Gidan Igwai, sai a ce, "Baba, ka huta, bari a kai ka da mota." Cikin gida ma haka. Inna ta bar murhu, ta bar tsintar wake, ta bar adashen da take riƙe wa matan unguwa, domin surukai sun ce girmanta ya wuce nan. Niyyar mai kyau ce, ladabi ne. Amma bayan shekara biyu ko uku sai a fara raɗa cewa Baba ya soma maimaita tambaya, Inna kuma ta ajiye kuɗi ta manta inda ta sa har tana zargin yara.

Hutun nan yana da hannu a ciki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Abincinta jini ne mai gudu da kyau, da labarin da ido da kunne ke kawo mata, da aikin da zai sa ta yi wahala. Wanda aka zaunar a tabarma an rage masa duka ukun a lokaci guda.

Inda mantuwa ke shigowa

Tunawa kamar aikin rumbu ce. Sai an kawo damin hatsi bakin rumbu, sai an jera shi ciki, sannan ranar buƙata a hau a ɗebo. Kawowar ita ce mai da hankali ga abin da aka ji ko aka gani. Jerawar tana faruwa ne galibi cikin barci, ta hannun wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ke can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunnuwa, likitoci na ce masa hifokamfas. Ɗebowar ita ce tunowa. Da yawa daga cikin abin da iyali ke kira mantuwa, damin ne bai taɓa isa bakin rumbun ba: an gaya wa tsoho saƙo rediyo na kunne, mai maganar ya ba shi baya, kunnen kuma ya yi nauyi. Abin da bai shiga ba, ta ina za a ɗebo shi?

Akwai kuskuren da ake yawan yi. Za ka ji ana cewa, "Ai ƙwaƙwalwarsa garau take, har ranar da aka kashe Sardauna a 1966 yana tunawa, har canjin kuɗi na 1973 da aka bar fam aka koma naira yana ba da labari tiryan-tiryan." Tsohon labari ya daɗe da barin hifokamfas, ya bazu ya kafu a wasu sassan ƙwaƙwalwa, shi ya sa shi ne na ƙarshen gogewa. Ma'aunin gaskiya shi ne sabon abu: me ya ci da safe, wa ya zo jiya, ya sha magani ko bai sha ba.

Tsufa kaɗai yana rage sauri. Suna ya maƙale a baki, can bayan sallah ya faɗo; a nemi tabarau ko carbi; a ɗauki lokaci kafin a gane sabuwar waya. Wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke nuna ciwo shi ne mutum ya ɓata tsakanin gida da masallacin da ya yi shekara talatin yana zuwa, ko ya yi tambaya ɗaya sau huɗu cikin rabin sa'a, ko ɗan kasuwa ya kasa ba da canji, ko jerin alwala ya rikice masa. Wannan ne muke kira gigin tsufa. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahl, aya ta 70, inda mutum ke komawa bai san komai ba bayan ya sani, kuma yana cikin abin da Annabi (SAW) yake neman tsari daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan larura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mafi yawanta cutar Alzaima ce, sai mai bi mata, wadda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa. Ta biyun nan ita ce hawan jini da ciwon suga ke haifarwa, kuma su ne suka cika ɗakunan ganin likita a Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce su ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na cutar a duniya. Cikinsu akwai raunin ji, raunin gani, hawan jini, suga, yawan kitse a jini, rashin motsa jiki, kaɗaici, ciwon damuwa, taba, da bugu a kai. Lissafin na al'umma ne gaba ɗaya. Ba alkawari ba ne ga mutum ɗaya, don akwai wanda zai kiyaye komai ciwon ya same shi ta gado ko ta yawan shekaru. Amma a duba jerin da kyau: wasan ƙwaƙwalwa ko ɗaya babu a ciki. Kusan duka maganar jini ce, da ido da kunne, da zama cikin mutane.

Ƙafa kafin kai

Cikin duk abin da tsoho zai yi da kansa, tafiya da ƙafa ce ta fi hujja. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, an raba tsofaffi 120 gida biyu. Rukuni ɗaya suna tafiyar sauri ta minti 40 sau uku a mako, ɗayan suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna hifokamfas na masu tafiya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya rukunin kuwa ya ɗan ragu kamar yadda shekaru ke sa shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 aƙalla a mako, wato minti 30 kwana biyar.

Wani zai ce ai Baba yana zuwa masallaci sau biyar. In masallacin na jikin gida ne, taku hamsin ne, bai shiga lissafi ba. Tafiyar da ake nufi ita ce wadda numfashi zai ɗan ɗaga, mutum yana iya amsa gaisuwa amma ba zai iya jan doguwar aya ba tare da ya tsaya ya shaƙi iska ba. Dabara mai sauƙi ita ce a zaɓi sallah ɗaya a yi ta a masallaci mai nisan minti goma sha biyar. Zuwa da dawowa an cika talatin, ga kuma hadisin da ya ce wanda ya fi nisan tattaki ya fi lada. Wanda ya daɗe a zaune kada ya fara da talatin. Minti 10 a makon farko, a riƙa ƙara 5 duk mako. Gwiwa na iya ɗan ciwo kwana biyu ya wuce. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, wannan a tsaya a ga likita kafin a ci gaba.

Yanayin Sakkwato yana da nasa sharaɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, don haka tafiya sai bayan Asuba, ko dab da Magariba. Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar yaro, sai jiki ya bushe bai sani ba. A ba shi kofin ruwa kafin fita da bayan dawowa ko bai nema ba. Da hunturu a jira hantsi, a rufe hanci saboda ƙura. Silifas mai santsi da babbar riga mai jan ƙasa suna cikin abubuwan da ke kayar da tsoho, a sa takalmi mai riƙe dunduniya. Tsohuwar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti goma bayan Asuba, goma da hantsi, goma bayan La'asar. A rarrabe ma yana aiki. Shara, ban ruwan zogale, ba awaki dusa, duk a bar mata abinta.

A haɗa da abu biyu na hana faɗuwa. Na farko, a zauna kan kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, a miƙe tsaye ba tare da dafa hannu ba, a koma a hankali, sau 10, a huta, a sake. Na biyu, a dafa bango a tsaya kan ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, a canza. Kwana uku a mako. Dalilin sa wannan cikin maganar mantuwa shi ne, jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwar tsoho da ƙoƙon kansa sun miƙe sun yi rauni. Ɗan bugu a banɗaki na iya sa jini ya riƙa tsatsa a hankali, sai bayan mako uku ko shida mutum ya fara ruɗewa da jan ƙafa, iyali sun manta da faɗuwar, a ce gigi ne ya zo. Alhali aikin tiyata na iya kwashe jinin mutum ya dawo hayyacinsa.

Hawan jini kuwa ba ya sallama. Yana cin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru ba ciwon kai ba jiri. A auna aƙalla sau ɗaya a wata, a zaune, bayan hutun minti biyar, a rubuta a littafi. In yana kai 140/90 ko sama a awo daban-daban, maganar likita ce. Babban abin da ke ɓata lamarin shi ne a sha magani wata ɗaya, awo ya sauka, a ce an warke a daina. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a sa dunƙulen ɗanɗano cikin lissafi, domin mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce. Daddawa da albasa da tafarnuwa na cike gurbin ɗanɗanon.

Tilawa daban, sabuwar hadda daban

Nan ne Sakkwato ta fi kowa jari, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Garin karatu ne tun zamanin Shehu. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, waɗanda galibi dattawan mata ne, suke haddace waƙoƙin ilimi su kai wa matan ƙauyuka. Ke nan tsohuwa mai koyon sabon abu da ka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Sai dai a bambance abu biyu. Surar da mutum ya haddace tun yana ɗan shekara goma tana fita ne da kanta, kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida. Karanta ta ibada ce, tana kawo natsuwa, kuma ita ke hana haddar kuɓucewa, kamar yadda hadisi ya kwatanta Alƙur'ani da raƙumin da ke kwance dabaibayi. Amma ba ta sa hifokamfas aiki sosai, domin ba sabon dami ake jerawa ba. Shi ya sa ake samun wanda gigi ya yi nisa da shi, bai gane ɗansa ba, amma in aka ja masa baƙi sai ya ƙarasa. Abin da ke motsa sashen shi ne abin da ba a iya ba tukuna. Wani bincike a jihar Tekzas ta Amurka, wanda aka buga a 2014, ya nuna haka: tsofaffin da suka yi wata uku suna koyon sabuwar sana'a mai wuya, ɗinki ko ɗaukar hoto da sarrafa shi a kwamfuta, wajen sa'a 15 a mako, tunawarsu ta ƙaru, waɗanda suka yi abubuwa masu sauƙi da suka saba, ba su samu wannan ƙarin ba.

Yadda za a yi sabuwar hadda ga mai shekara sittin da biyar ko saba'in: a ɗauki kaɗan, aya biyu ko uku, ko layi uku, ko addu'a ɗaya, ko baiti biyu na waƙar wa'azi. Lokaci mafi kyau bayan Asuba, kafin hayaniyar gida. A karanta da murya sau biyar zuwa bakwai ana duba rubutu, a san ma'anar, domin abin da aka fahimta ya fi zama. Sannan a rufe littafi a jawo da ka. Wannan rufewar ita ce aikin. Yawancin mutane suna ta maimaita karatu ido na kan takarda sau talatin, su ji kamar ya zauna, gobe babu. Wahalar da ake sha wajen lalubo kalmar da ta ɓace ita ce ke kafa ta. In an maƙale a yi ƙoƙari na daƙiƙa goma kafin a leƙa.

Daga nan sai tazara. Tun 1885 wani masanin Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan abin da aka koya yana zubewa ne a sa'o'in farko da yinin farko, kuma bita mai tazara ita ke tare zubar. Don haka a jawo karatun bayan minti goma, a sake bayan La'asar, a sake kafin barci, sai gobe, sai bayan kwana uku, sai mako, sai mako biyu, sai wata. Makarantar allo ta san wannan tun kafin Bature ya rubuta: ba a wanke allo sai an biya wa malam da ka, kuma ana komawa tishi. In kwana biyu a jere karatun jiya ya ƙi zama, an ɗauko da yawa ne, a rage zuwa aya ɗaya. In kuma ana biyawa ba tuntuɓe ko ɗaya, ya yi sauƙi, a ƙara. Minti ashirin kullum ya fi sa'a uku ranar Juma'a.

Ba hadda kaɗai ba. Wanda ya iya boko bai iya ajami ba ya koya, wanda ya iya ajami ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Bahaushen da ya yi shekara sittin yana sayen nono bai wuce gaisuwa da Fulatanci ba, ya sa wa kansa kalma biyar a mako. Tsohuwar da ta iya saƙar faifai ta gwada zanen da ba ta taɓa yi ba, ko ɗinkin hula. Tura saƙon murya a WhatsApp da adana lambar waya da hannunta ya fi a ce jika ya karɓa ya yi mata. Jikan ya nuna sau ɗaya, ya sa hannunsa a aljihu, ya bar ta ta yi kuskure.

Dara tana da amfani, musamman ta gurbi talatin da kowa ke da 'ya'ya goma sha biyu yana neman jera uku. Tana buƙatar riƙe tsari a kai da hango abin da abokin wasa zai yi. Amma kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Babban gwajin da aka yi a Amurka kan tsofaffi sama da 2,800 ya nuna cewa horon ƙwaƙwalwa yana ƙara gwaninta ne a abin da aka horar, ba ya bazuwa ko'ina. Gwanin dara zai ƙara gwanancewa a dara, ba lallai ya tuna inda ya sa makulli ba. Haka wasannin waya da ake tallatawa. Rabin ribar dara ma tana cikin fita daga gida da musu da dariyar da ake yi a gindin bishiya. Gwajin da ya fi nuna sakamako shi ne na ƙasar Finlan da aka buga a 2015, kan mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, inda aka haɗa gyaran abinci, motsa jiki, horon tunani da kula da hawan jini har shekara biyu. Bambancin bai yi yawa ba, amma ya tabbata, kuma haɗawar ce ta kawo shi.

Kunne, ido da mutane

Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana janyewa daga majalisa ba tare da ya faɗa ba. Ya gaji da cewa "Mi kac ce?", ya gaji da dariyar yara, sai ya koma gyaɗa kai. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana ƙarar da ƙarfinta wajen cike guraben kalmomin da ba ta ji ba, ba ta da ragowar da za ta ajiye maganar. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe, a asibiti a wanke cikin mintoci. Tsinken ashana da gashin kaza tura ta ciki suke yi. In ba ita ba ce, a yi gwajin ji, a nemi na'urar ƙara ji in da hali. A gida kuma a kashe rediyo, a fuskance shi, a yi magana a hankali da gajerun jimloli. Ihu yana murɗe sauti ne, ba ya ƙara fahimta. Yanar ido aikinta gajere ne, ba a ma sa mutum barci, kuma yana mayar da tsoho ga Mus'hafinsa da hanyar masallaci. Masu tura yanar cikin ido da tsinke a gargajiyance sun makantar da mutane da yawa a Arewa. Tabarau na karatu mai arha ma kan dawo da wanda aka ɗauka ya daina karatu don mantuwa.

Lokuta biyu ne suka fi haɗari ga zaman mutane. Ma'aikacin gwamnati da ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, ranar Litinin ta farko da ya tashi ba inda za shi. Da matar da ta fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, ɗaki ya yi shiru. Ciwon damuwa yana kama da gigi ƙwarai: rashin magana, rashin ci, "ban sani ba" ga kowace tambaya. Yana da magani, kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, ko da yake sunan garin kawai kan sa iyali su ja da baya.

Maganin kaɗaici shi ne aiki mai nauyi a wuya, wanda in bai yi ba za a ji. A bar Baba da littafin kuɗin gyaran masallaci, ko sulhun 'yan uwa, ko sauraron haddar jikoki bayan Magariba. A bar Inna da adashenta, a ba ta littafi ta riƙa sa alama. Tatsuniya da kacici-kacici da jero asalin dangi ga yara aikin ɗebowa ne daga rumbu. Hira ma a gyara ta. Maimakon "Lahiya lau, Inna?" da amsarta ɗaya ce, a ce, "Inna, wa yaz zo jiya da marece? Mi yac ce game da bikin?" A tambaya don ana son labarin, ba don jarrabawa ba, tsoho na gane bambancin nan take.

Barci da ledar magani

Tsoho na buƙatar sa'a 7 zuwa 8. Abin da ke sace su a nan sananne ne: shayi mai kauri da goro bayan La'asar. Sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki wajen sa'a biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka goron ƙarfe biyar yana nan ƙarfe goma. Ƙailula kada ta wuce rabin sa'a. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa ya dawo da firgita, da mai tashi fitsari sau huɗu, duk suna da abin da likita zai duba.

Sai magungunan da ake saya a kemis ba takarda. Piriton da Phenergan da ire-irensu suna toshe sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙon tunawa da shi, wanda dama shi ne ke ƙaranci a cutar Alzaima. Valium da sauran magungunan barci suna hana ƙwaƙwalwa ajiya, suna kuma kayar da mutum; wanda ya daɗe yana sha kada a yanke masa kai tsaye, sai likita ya rage a hankali. Tiramadol da kodin na dusashe tunani. Mai suga da ya daɗe kan metfomin na iya rasa bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo mantuwa da dindiris a ƙafa, kuma allura ko ƙwaya na gyarawa. Nono, ƙwai, kifi da hanta su ne tushensa a abinci. Wasu magungunan suga kuma suna faɗar da sugan jini ƙasa in ba a ci abinci ba, abin lura sosai kafin azumi. Kwalaben "ƙara basira" da ake tallatawa da lasifika a kasuwa kuwa, ko ganyen ginko da ya fi su suna a duniya, an gwada shi kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, sakamakon 2008 ya nuna bai hana gigin tsufa ba.

Ba gazawa ba ce a taimaki kai da dabara. Ƙusa ɗaya a bango don makulli, gwangwani ɗaya don kuɗi, kullum nan. A ɗaure shan magani da sallah: na safe bayan Asuba, na dare bayan Isha'i, a akwati mai gida bakwai na kwanakin mako. In an ajiye abu a faɗa da baki, "Na sa katin asibiti ƙarƙashin Mus'hafi."

In ciwon ya riga ya kama, salon ya canza. Sabuwar hadda da tambayar "Ka gane ni?" azaba ce gare shi. A faɗi suna tun daga ƙofa: "Baba, Aminu ne, ɗan Hajiya Ƙarama." A bar shi da surorin da ya saba, da tafiya da rakiya, da ƙananan ayyuka irin ɓarar gyaɗa, a sa takarda mai lambar waya a aljihun rigarsa. Zargin sata da yake yi, ko fitar dare da tsohuwa ke yi, ciwon ne, ba maita ba ce ba kuma mugun hali ba.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa wani abu ne daban. Wanda jiya lafiya lau, yau bai san inda yake ba, yana ganin abin da babu, ko barci ya danne shi, wannan ba gigin tsufa ba ne, domin shi a hankali yake zuwa cikin watanni. A yi zaton zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, bushewar jiki a bazara, faɗuwar suga, ko farkon shanyewar ɓarin jiki. A yi addu'a a mota, a kan hanyar asibiti, ranar nan. Wanda zai raka shi ya zama mai kwana gida ɗaya da shi, ba babban ɗan da ya zo daga Abuja jiya ba. A zuba duk abin da yake sha cikin leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a tafi da littafin awon jini, a kuma rubuta misalai uku na abin da aka gani da ranar da kowanne ya faru, har da faɗuwar da ya yi wata biyu baya ko da ya ce bai ji ciwo ba.